Harajin Gidaje a Dutse: Wa Ya Cancanci Sassauci, Wa Zai Ɗauki Nauyin Gari?

Harajin gidaje kuɗi ne da mai gida ko mai shago yake biyan ƙaramar hukuma duk shekara saboda ginin da ya mallaka a cikin gari. Ya sha bamban da kuɗin hayar ƙasa da gwamnatin jiha take karɓa a kan filin da ta bayar da takardar mallakarsa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ya kuma sha bamban da harajin da ake cirewa daga albashi. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta darajar gidajen da ba na gwamnati ba, domin a karɓi abin da majalisar dokokin jiha ta ƙayyade. Wannan jadawali shi ne kuma ya ɗora musu kula da kwatoci da magudanan ruwa, da kwashe shara, da fitilun titi, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Ba a banza aka haɗa su wuri guda ba, sai don ɗayan shi ne zai ciyar da ɗayan: ginin da ke cin moriyar titi da magudanar ruwa shi zai bayar da abin gyara su.

A Dutse da garuruwan tsakiyar Jigawa, irin su Kiyawa da Birnin Kudu da Jahun, wannan haraji yana nan a takarda, amma kaɗan ne daga cikin masu gidaje suka taɓa ganin takardar neman biyansa. Wasu na kallon hakan a matsayin rangwame ga talaka. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa barin harajin gaba ɗaya ba rangwame ba ne ga talaka, rangwame ne ga mai hali. Sassauci na gaskiya sai an ware wanda ya cancanta, an karɓa daga wanda yake da shi, an kuma rubuta a fili yadda jiha da ƙaramar hukuma za su raba nauyin hidimar gari.

Inda ƙyamar haraji ta samo asali

Ba a banza Bajigawe yake ɗaure fuska idan aka ambaci haraji ba. Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Kano, wadda Dutse take cikinta a lokacin, tana da kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da jangali, ban da zakka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙ. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sai suka tattara waɗannan kuɗaɗe, ban da jangali, suka mai da su haraji ɗaya, suka kafa baitulmali a masarautu, inda ake raba abin da aka tara tsakanin gwamnatin mulkin mallaka da En'e. A ƙasar Kano har malaman taki aka riƙa turawa ƙauyuka suna auna gonaki da taku domin a yanka wa kowa abin da zai biya. Kuɗin yana bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa birni.

Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne yadda ake karɓar kuɗin. Wanda ya kasa biya akan shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ko a sayar da akuyarsa, ko ya tafi cin rani tun kafin a kammala girbi don gudun wulaƙanci. Kuɗin kuwa idan ya tafi birni, kaɗan ne yake dawowa ƙauye a matsayin rijiya ko ɗakin shan magani. Wannan ƙorafi na daga cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi bayan kafa ta a 1950, kuma shi ya sa da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kano a watan Oktoban 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali. Har gobe dattawa a Jigawa suna ambaton wannan mataki da alheri, kuma suna da gaskiya: zuwa lokacin harajin ya zama harajin kai da ake yanka wa mai shanu ɗari da mai jaki ɗaya kusan daidai, ba tare da duba ƙarfin kowa ba.

Sai dai harajin gidaje ba harajin kai ba ne. Ba ya hawa kan mutum don yana numfashi. Yana hawa kan dukiyar da ake gani da ido, wadda ba ta gudu, ba ta ɓuya, kuma darajarta tana nuna ƙarfin mai ita. Haɗa su biyun a kwando ɗaya shi ne kuskuren da ya bar garuruwa ba su da abin gyara kansu.

Daga ina kuɗin ƙaramar hukuma yake fitowa

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, ya ba ƙananan hukumomi kaso daga asusun tarayya. A yau ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin 100 na wannan asusu, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68, sannan suna da kashi 35 cikin 100 na harajin kayan masarufi. Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agustan 1991, tana da 27 daga cikinsu. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ya kuma wajabta wa jiha ta ba su wani kaso daga kuɗin shigarta.

Wannan tsari ya haifar da ɗabi'a guda a duk faɗin ƙasar: shugaban ƙaramar hukuma idonsa yana kan Abuja da gidan gwamnati, ba kan mutanen garinsa ba. Kason wata-wata yana zuwa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Mafi yawansa yana tafiya a albashi, musamman na malaman firamare da ma'aikatan lafiya, da fansho, da ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya rage don yashe kwata ko sayen motar shara ba ya taka kara ya karya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kason ya ƙaru a lissafin naira, amma farashin siminti da gas da kayan aiki ya tashi tare da shi, kuma mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

Kuɗin shigar da ƙaramar hukuma take tarawa da kanta kuwa, yawanci daga kasuwa da tasha da mayanka yake fitowa. Wato mai tallan tumatir da mai tura baro da ɗan acaɓa da mai sayar da akuya su ne suke yankar rasit duk ranar kasuwa, yayin da mai bene hawa biyu da ke karɓar hayar shekara ba ya biyan ƙaramar hukuma ko sisi a kan ginin.

Dutse ta girma, asusunta bai girma ba

A 1991 Dutse hedikwatar ƙaramar hukuma ce mai tsohon gari a Garu, inda fadar sarki take, da unguwanni kaɗan a gindin duwatsu. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum kusan 250,000. Daga nan, musamman a zamanin Gwamna Sule Lamido tsakanin 2007 da 2015, garin ya sauya kama: sabuwar sakatariya, tituna masu hannu biyu, rukunin gidajen ma'aikata, filin jirgin sama, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Unguwanni irin su Takur da Yalwawa da Fagoji da Ɗanmasara sun cika sun batse, gonaki sun zama fuloti, ɗakunan kwanan ɗalibai da otal-otal da gidajen mai da jerin shaguna sun biyo baya.

Duk wanda ya mallaki fili a gefen sabon titi, darajar filinsa ta ninka ba tare da ya ɗaga ko bulo ɗaya ba. Kuɗin jama'a ne ya shimfiɗa kwaltar, kuɗin da mutumin Miga da na Buji da na Gwaram suke da haƙƙi a cikinsa. Adalci ne wani ɗan kaso na wannan ƙarin daraja ya riƙa komawa asusun gari duk shekara.

Akwai kuma matsala ta musamman ga babban birnin jiha. Gidajen da ba na gwamnati ba ne kawai tsarin mulki ya ambata, alhali manyan gine-ginen Dutse na gwamnatin jiha ne ko na tarayya. Dubban ma'aikata da ɗalibai da baƙi suna shigowa garin kullum, suna amfani da titunansa, suna zubar da shara, ruwan rufin ofisoshinsu yana gangarowa cikin magudanan unguwanni. Ga shi kuma hada-hadar garin ta tsallake iyaka: kasuwar Shuwarin, wadda take ciyar da Dutse da hatsi da dabino da dabbobi, tana cikin Ƙaramar Hukumar Kiyawa. Ƙaramar hukuma ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai ba, ko da kowane gida ya biya.

Wanda yake biya idan ba a karɓa ba

Hidimar da hukuma ba ta yi ba, ba ɓacewa take yi ba. Komawa take yi kan magidanci. Mai hali yana haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya sa sola, ya ɗauki mai gadi, ya biya yaro mai baro ya kwashe masa shara. Marar hali kuwa kullum da safe yana jiran ɗan garuwa ya turo kurarsa da jarkoki, kuma idan aka lissafa abin da yake kashewa a ruwa cikin wata guda, ya fi abin da za a nema a hannun mai matsakaicin gida a matsayin harajin shekara. Sharar da aka kwashe daga gidan mai hali sau da yawa a bakin kwatar unguwar marar hali take ƙarewa.

Da damina ake ganin sakamakon ƙarara. Ruwan da ke gangarowa daga kan duwatsu yana zuwa da yashi, ya tarar da magudana cike da leda da robobi, ya juya ya shiga gidaje. Ginin siminti yakan tsira da jiƙewar bango. Ginin ƙasa kuwa gindinsa ke jiƙa ya zauna, katanga ta faɗi, wani lokaci a kan masu barci. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun yi ɓarna mai yawa a Jigawa. Ba dukkanta ce ta toshewar magudana ba, domin yankin Haɗeja da Ringim tumbatsar kogi ke cin su, amma a cikin garuruwan tudu kwatar da ba a yashe ba tana da kaso babba. Ruwan da ya kwanta kuma shi ke haifar da sauro, shi ke gurɓata rijiyoyi ya kawo amai da gudawa.

Wannan shi ne harajin da talaka yake biya a yanzu, ba rasit, ba rangwame.

Yadda sassauci na gaskiya yake

Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Jigawa cikin jihohin da talauci ya fi yi wa katutu. Saboda haka duk tsarin harajin gidaje da bai fara da yafewa ba, bai dace da jihar ba. Gidan ƙasa na gado da iyali ke zaune a ciki, da gidan gwauruwa mai riƙon marayu, da na tsohon ma'aikaci mai dogaro da fansho, da na naƙasasshe, da masallatai da makarantun allo da na Islamiyya da ba a neman riba da su, duk ya kamata doka ta cire su baki ɗaya. Gidan da ambaliya ta rushe a ɗage masa har sai an sake gina shi. Wanda ya rage a raba shi aji-aji: gidan siminti da mai shi ke zaune a ciki ya biya kaɗan, gidan haya ya fi shi, wuraren kasuwanci irin su otal da gidan mai da banki da rukunin shaguna su fi kowa. Fulotin da aka killace shekara da shekaru a tsakiyar gari ana jiran ya yi tsada shi ma ya shiga lissafi.

Wasu wurare sun riga sun bi wannan hanya. Legas ta haɗe harajin gidaje da kuɗin hayar ƙasa suka zama caji ɗaya a 2001. Da aka tsauwala shi a 2018 jama'a suka yi ca, sai aka sassauta a 2020, aka kuma tabbatar da yafewa ga tsofaffin da suka yi ritaya suke zaune a gidajensu. Darasin shi ne tsawwalawa tana kashe haraji. A Firitawun ta Saliyo, a ƙarƙashin magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr, an fito da sabon tsari a 2020: ana auna faɗin rufin gida ta hoton tauraron ɗan'adam, ma'aikata su zagaya su duba irin bango da rufi da hanyar da ta kai gidan, a ba kowanne maki. Gidajen da ke cikin rajista sun kusa ninkawa, nauyin kuma ya koma kan manyan gine-gine. A Kananga ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, binciken da aka gudanar tare da gwamnatin lardi ya nuna cewa rage kuɗin ya sa mutane da yawa suka biya har abin da aka tara ya ƙaru, cewa masu unguwanni sun tara fiye da jami'an gwamnati saboda sun san wanda yake da hali, kuma cewa waɗanda aka je wa neman haraji sun fi halartar tarukan bin bahasin gwamnati.

Wannan na ƙarshe ya dace da Jigawa, inda mai unguwa ya san kowane gida da mai shi. Amma tarihi ya yi gargaɗi: aikin mai unguwa ya tsaya kan tantance gidaje da shaidar wanda ya cancanci yafewa, kuɗi kuwa ya bi ta banki ko ta waya kai tsaye zuwa asusun hukuma. Kowane mai gida ya sami damar ƙalubalantar ajin da aka sa shi a gaban kwamitin da ba na masu karɓar kuɗin ba.

Raba nauyi tsakanin jiha da ƙaramar hukuma

Haɗa kuɗi don hidima ɗaya ba baƙon abu ba ne a Jigawa. Tsarin lafiya na Gunduma da aka kafa a 2007 ya haɗe asibitocin jiha da ɗakunan shan magani na ƙananan hukumomi a ƙarƙashin gundumomi tara, kafin daga baya a sauya shi da hukumar lafiya a matakin farko. Asusun fansho na karo-karo na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ya yi suna har wasu jihohi suna zuwa koyon yadda yake aiki. Ilimin firamare ma haka yake: tarayya tana bayar da tallafi a ƙarƙashin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, jiha ta zuba nata kason, albashin malamai ya fito daga kuɗin ƙananan hukumomi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jihar ta nuna ta san haka.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamnoni ba su da ikon riƙe shi ko naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukuncin bai hana haɗin gwiwa ba. Abin da ya hana shi ne a cire kuɗi daga sama ba da yardar mai shi ba. Saboda haka ya kamata duk aikin da za a yi tare ya tsaya kan yarjejeniya a rubuce wadda majalisar kansiloli ta amince da ita.

Ga Dutse, hanyar da ta fi dacewa ita ce asusun hidimar gari guda ɗaya, wanda doka ta keɓe wa abubuwa ƙayyadaddu: magudanan ruwa, shara, fitilun titi, gyaran titunan unguwa da famfunan jama'a. Ƙafa uku zai tsaya a kai. Ta farko harajin gidaje. Ta biyu gudummawar shekara-shekara daga gwamnatin jiha a madadin gine-ginenta da ba sa biyan haraji, tare da neman irin wannan daga hukumomin tarayya da ke garin. Ta uku kaso daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa, Dutse da Kiyawa, gwargwadon yawan gidajen da kowacce take da su a cikin da'irar birni. Jiha ita ke da ƙwararrun safiyo da bayanan filaye da hukumar tattara kuɗin shiga, don haka ita ta fi dacewa da yin rajista da aika takardun biya. Amma kuɗin na ƙaramar hukuma ne, kuma abin da za a cire na ɗawainiyar tattarawa a ƙayyade shi a doka. Haka kuma a fayyace aikin kowa tsakanin hukumar raya babban birni da hukumar kare muhalli da ƙaramar hukuma, don kada juji ɗaya ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Duk lokacin da jiha ta ga dama ta yafe wa wani rukuni haraji, ita za ta cike gurbin daga aljihunta, ba ta yi kyauta da kuɗin ƙaramar hukuma ba.

Birnin Kudu da Jahun da Gwaram ba su kai Dutse yawan manyan gine-gine ba, amma suna iya haɗa hannu da maƙwabtansu wajen sayen motar shara ko injin yashe magudana da ɗaya ba za ta iya saya ita kaɗai ba.

Amana kafin karɓa

Babbar hujjar masu adawa da wannan haraji ita ce kuɗin zai bi ta inda sauran suka bi. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba a rushe ta da wa'azi sai da tsari. Wani kaso sananne na abin da aka tara a kowace mazaɓa ya tsaya a mazaɓar, kwamitin unguwa da ya haɗa da mai unguwa da limami da wakilan mata da matasa da 'yan kasuwa ya zaɓi aikin da za a fara da shi. Duk wata uku a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi, a karanta shi a gidajen rediyon jihar da Hausa da Fulatanci. A fara da manyan tituna da wuraren kasuwanci, a yi aikin da ido zai gani kafin damina, sannan a faɗaɗa zuwa unguwanni. A daidai lokacin kuma a rage yawan rasitan da ake yanka wa ƙananan 'yan kasuwa, domin mai tallan da ta daɗe tana ɗauke da asusun ƙaramar hukuma ita ce ta fi kowa cancantar sassauci.

Matakan da ake buƙata a bayyane suke, kuma duk suna cikin ikon Majalisar Dokokin Jihar Jigawa da majalisun ƙananan hukumomi: doka mai ƙayyade azuzuwan gidaje da waɗanda aka yafe wa, rajistar gine-gine mai lamba ga kowane gida, yarjejeniyar raba nauyi tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, da wajabcin bayyana lissafi ga jama'a. Idan aka tanadi waɗannan huɗu, marar hali zai sami yafewa da doka ta tabbatar masa, mai hali zai biya gwargwadon abin da gari ya ƙara wa dukiyarsa, hidimar gari kuma za ta sami kuɗin da ba ya jiran abin da Abuja ta turo.